Zuwa ga mai neman shekarar hoton Japan daga allon silima

Assalamu alaikum, Malam.

Ka yi tambaya a bainar jama'a cewa kana da tsohon hoton wani titi a Japan, ga allon tallar fim da aka zana da hannu a jikin gidan silima, ko sunan fim ɗin ya isa a yanke shekarar da aka ɗauki hoton. Gaskiya bai isa ba. Iyakar abin da zai nuna maka shi ne lokacin da hoton ba zai riga ba. In fim ɗin Gojira (Godzilla) ne, an fara haska shi a birnin Nagoya ran 27 ga Oktoba 1954, to hotonka daga nan ne zuwa gaba, sai dai in allon na ɗauke da 近日公開, wato "yana nan tafe", wanda kan ja ka baya da 'yan makonni.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne ba sa duba irin gidan. Sabon fim yakan fara ne a manyan gidajen birni, sannan kwafin ya gangara gidaje na biyu da na uku, har ya kai ƙananan garuruwa bayan watanni. Finafinan waje kuwa sun fi yaudara: Gone with the Wind na 1939 ne, amma sai 1952 aka haska shi a Japan. Ga kuma waɗanda akan dawo da su bayan shekaru.

Don haka ka faɗaɗa hoton sosai, ka bi ƙananan rubutun gefen allon. Tambarin kamfani shaida ce mai ƙarfi: an kafa Toei a 1951, Nikkatsu ya koma shirya fim a 1954, Shintoho ya durƙushe a 1961. In an rubuta Toeiscope ko Tohoscope, wato tsarin haska fim a faffaɗan allo, ba za ka sauka ƙasa da 1957 ba. Allon fim ɗin Rashomon mai alfahari da kyautar bikin finafinai na Venis sai daga Satumba 1951, ko da yake fim ɗin na 1950 ne. In ka ga shekarar Showa, wato lissafin shekara bisa zamanin mulkin Sarki Hirohito, ƙara mata 1925: Showa 30 ita ce 1955.

Mafi daraja a wurina shi ne fim na biyu da ke kan allon, domin a lokacin akan haɗa biyu a tikiti ɗaya, kuma galibi mako-mako ake sauya su. Ka samo sunan gidan, ka nemi jaridar garin a ɗakin karatun lardin, ka bi shafin talla har ka ga makon da finafinan nan biyu suka haɗu a wannan gida.

Wassalam.