A Rage Ɗora Wa 'Yan Haya Laifin Hanyar Ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ruwa, daga Blangoua zuwa Darak, har Guitté a ɓangaren Chadi. Da an yanke koma, ko igiyar ruwa ta cika wa wani kwale-kwale, ko an daki jirgi a maɗaura, kafin a ga wanda ya yi sai ka ji an ce "ai 'yan haya ne". Ana nufin yaran da ke tuƙa jirgin da ba nasu ba, su biya mai jirgi balas, ko waɗanda ɗan kasuwa ya ɗauka da jirginsu na kwana biyu ko uku don kwaso banda. Mu masu wannan wasiƙa mun daɗe a kan ruwan nan, kuma a ganinmu rabin ɓarnar da ake ɗora musu tun a tudu aka ƙulla ta, wajen yarjejeniyar haya. Sauran rabin kuwa har da masu jiragen kansu a ciki.

Tun farin 1973 tafkin Chadi ya rabu biyu, na 1984 ya ƙara janye shi, inda dā ake ratsa fili guda na ruwa yanzu ana bin siraran hanyoyi ne tsakanin ciyayin burugu da kachalla. Wata hanyar faɗinta bai wuce jirgi biyu su goga kafaɗa ba. Kogin Chari, wanda ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin, yana cika ne wajen Oktoba da Nuwamba, ruwan ya iso tsibirai daga baya, sannan ya ja da bazara. Hanyar da ta ɗauki jirgi mai buhu ɗari a Janairu, a Mayu farfela na haƙar laka a cikinta. Ga tsibiran ciyawa masu yawo da iskar hunturu ke turowa su toshe baki cikin dare ɗaya. Yaron da aka miƙa wa inji jiya bai san ko ɗaya daga wannan ba, sai in an gaya masa.

Babbar rigimar dai igiyar ruwa ce, kuma a nan ne ko tsofaffi ke kuskure. Jirgin katako mai tsawon mita 12 da inji mai doki 40, idan aka ba shi wuta a ruwa marar zurfi, gindinsa nutsewa yake, goshi ya ɗaga, ya jawo tudun ruwa a bayansa. Mai kwale-kwalen filafili da ya lodo koma jiƙaƙƙiya da tarwaɗa, abin da ya rage tsakanin bakin jirginsa da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Igiya ɗaya ta ishe shi. Yawancin direbobi sukan rage wuta zuwa rabi su ce sun yi ladabi, alhali a rabin wutar nan ne gindi ya fi nutsewa, igiyar ta fi kauri. Wasu kuma sai sun zo daidai da mai kwale-kwalen suke sauke wuta, igiyar da suka riga suka tayar ta biyo su ta faɗa masa. Yadda ake yi shi ne a sauke wuta ƙasa-ƙasa tun da sauran kamar mita 100, har goshin jirgi ya kwanta, a waiga baya. In ciyawar gefe tana sunkuyawa tana tashi, da sauran gudu. Kada a ƙara wuta sai gindin jirginka ya bar shi da tsawon jirgi biyu ko uku. Haka ake yi wa jiragen da ke ɗaure, da mata masu wanki, da garken shanun Buduma, mutanen tsibiran tafkin, in suna iyo tsakanin tsibirai. Shanu ma tsayawa ake yi gaba ɗaya, don in inji ya raba garke, maruƙa ne ke juyawa baya su gaji.

Wajen haɗuwa kowa ya riƙe damarsa, jiragen su wuce hagu da hagu. Ƙa'idar ruwa ce ta duniya, tana cikin dokokin hana karo na 1972, kuma daidai take da hannun mota a Kamaru da Chadi, don haka ba wanda zai ce ta yi masa baƙunta. A cikin Chari, mai hawa ne ke jira a ƙasan kwana ko matsatsi, saboda mai gangarowa ruwa ke tura shi, in ya rage wuta jirgi ya daina jin juyi. Marar kaya ya kauce wa mai kaya. Mai inji ya kauce wa mai filafili da mai gwangwala. Wanda zai wuce wani daga baya, nauyin kaucewa a kansa yake, ya yi kira ko fito, ya jira na gaba ya ɗaga masa hannu, kuma ba a yin haka a kwana. Akwai abin da sababbi ba su sani ba: jirgin inji da gindi yake juyawa. In ka karkata goshi don ka guje wa wani a kurkusa, gindinka ne zai share shi. Sannan in ka manne da gefen hanya kana gudu, ruwan da farfela ke zuƙa yana jawo gindi zuwa ciyawa, goshi ya fita tsakiya, daidai gaban wanda ke zuwa. Karo da yawa da ake cewa "yaron ya yi ganganci" wannan ne sanadinsu.

Maganar koma tana da fuska biyu, kuma masunta ba sa son jin ta biyun. Direba ya kamata ya karanta alama: sanda a kafe, gora ko guntun jarka a kan ruwa. Ya cire giya, ya ɗaga ƙafar inji, ya bar jirgi ya zame ta kan igiyar. Yin haka amfanin kansa ne ma, domin zaren mamari, wato doguwar igiyar kamun kifi mai ƙugiyoyi, in ya naɗe a bayan farfela yana cin robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga, man ya koma fari kamar nono, bayan 'yan kwanaki haƙoran giya su tafi. To amma wanda ya shimfiɗa ragar kalli daga wannan ciyawa zuwa waccan a kan hanyar da kowa ke bi, ba alama, ko ya jera gura, wato tarkon kifi, ya yi shingen da ake kira dumba bai bar ƙofa ba, da wa zai yi kuka? Dumba ta bar ƙofa mai faɗin jirgi mai kaya, da sanda biyu dogaye a bakinta waɗanda ake hangowa daga nesa.

Yanzu ga inda muke cewa a tudu ake ƙulla ɓarna. Mai jirgi ya yanka balas na kullum, ko an samu lodi ko ba a samu ba. Ɗan kasuwa ya auna mai daidai zuwa da dawowa, ba rara, ya kuma ce lallai a riski motar da za ta tashi da yamma. Inji mai doki 40 in an buɗe shi duka yana shan kusan lita 20 a awa. Yaro ya ga man ba zai kai ba, ga lokaci na tafiya, sai ya yanke ta gajeriyar hanya inda komaye suke, ya ƙi rage wuta don kowace tsayawa asara ce a aljihunsa. In ya makara a zage shi a tudu, in ya yi sauri a zage shi a ruwa. Wanda ya auna man yana zaune a inuwa, sunansa bai fito ba. Man tafiya a raba shi uku ne: kashi ɗaya zuwa, kashi ɗaya dawowa, kashi ɗaya ajiya saboda iska da toshewar hanya. Mai hayar da ya hana kashi na ukun, da hannunsa a duk abin da ya biyo baya.

Kuma sau nawa mai jirgi ke tsayawa ya miƙa jirgi yadda ya kamata? Abin ba ya cin fiye da rabin awa. A haɗa mai a gaban yaron: injin Yamaha Enduro da aka saba da shi a nan lita 50 na fetur ne ga lita 1 ta baƙin mai, wato rabin lita a jarka mai lita 25, a fara zuba baƙin man da ɗan fetur a girgiza kafin a cika. In ya yi kaɗan fistan ya kama, in ya yi yawa buji, wato fulogi, ya yi baƙi inji ya riƙa tari a tsakiyar matsatsi. Zuwa-zuwa kuwa, wato man bumburutu, a tace shi da ƙyalle, a bar jarka ta zauna, kada a juye na ƙasa, nan ruwa ke kwanciya. A tayar da inji ƙafarsa na cikin ruwa, a nuna masa fitsarin inji, wato siririn ruwan da ke fita ta baya, a ce masa ya riƙa waiwayarsa. In ya tsaya, ciyawa ko leda ta toshe mashigar ruwa, a kashe nan take a share, don robar famfon ba ta jure minti ɗaya a bushe. A ƙirga masa kayan jirgi: gwangwala biyu, filafili biyu, abin kwarfar ruwa, igiya mai kauri, buji biyu da sifana, igiyar tayar da inji ta ajiya, tocila, da rigunan ruwa. A duba ɗinkin katako tare, a nuna inda yake yoyo tun kafin tashi, don kada a dawo a ce shi ya fasa. A ƙarshe a fita da shi ya juya jirgin sau biyu, ya tsayar da shi, ya ga da idonsa cewa jirgi mai kaya yana ci gaba da tafiya tsawonsa biyu ko uku bayan an sauke wuta. Jirgi ba shi da birki, kuma a wasu injinan in ka sa ribas da ƙarfi ba ka kulle ƙafa ba, tsalle take yi ta fito daga ruwa.

Wannan raini ba a nan kaɗai yake ba. A Ingila, inda ake ba masu yawon hutu hayar dogayen jirage a kan magudanan da aka haƙa tun ƙarni na 18, masu jiragen kansu na yi wa 'yan haya irin wannan kallo, kuma kan abu ɗaya ne: wuce jirgin da ke ɗaure da gudu. Iyakar gudu a can mil 4 ne a awa, kusan kilomita 6, kuma kamfanin haya kan nuna wa mutum tuƙi kafin ya sake shi. Mu nan nunawar ce muka yar, muka riƙe zagin.

A maɗaura kuwa, gaskiya, manya sun fi yara laifi. Wanda ya gama sauke kaya ya ja jirginsa gefe, ba ya bar shi a bakin matakala ya tafi shan shayi don ubansa ma nan yake ɗaurewa. Ana shigowa ne goshi na fuskantar ruwa ko iska, a kashe inji, a ƙarasa da gwangwala. Ba a kwance igiyar wani sai da saninsa, ba a ɗaura wata a kan tasa ta yadda ba zai iya fita ba, kuma mai ratsa jirgin wani zuwa tudu ya yi sallama, ya taka ƙashin jirgi, ba kayan mutane ba. Sai ka ga an hana ɗan haya wuri an tura shi can cikin laka, 'yan dako su ƙara masa kuɗi saboda nisa, gobe kuma a ce me ya sa yake rige-rigen shigowa.

In yaro ya yi kuskure a hanya, ihu daga nesa ba ya gyara komai, ƙarar inji ba ta barinsa ya ji, hannu kawai yake gani. Tafin hannu ƙasa ana dannawa, ya san rage wuta ake nufi. A same shi a tudu a ce, "Samari, jirgin wa kake ja? An nuna maka ƙofar dumbar can?" Sau da yawa amsar ita ce a'a. Daga nan maganar ta koma kan mai jirgi.

Roƙonmu ga sarakunan ruwa da bulamomi da shugabannin maɗaura shi ne abu biyu. Kada jirgin haya ya tashi da sabon direba sai wani tsohon hannu ya raka shi tafiyar farko, a biya shi daga kuɗin hayar. Sannan in an yanke koma mai alama, a raba diyya tsakanin direba da mai jirgi da wanda ya yi hayar, maimakon a zare ta duka daga ladan yaron. In komar ba ta da alama kuma a kan hanya take, mai ita ya ɗinke abarsa.

Wassalam.

Wasu tsofaffin direbobin jirgin ruwa,
Blangoua, Logone-et-Chari.