Mudu aka canja, ba inabi ne ya lalace ba

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Shirinku na daren Lahadi ya hana ni barci, kuma ba don daɗi ba. Mai gabatarwa ya ce wai duk gidan giyar inabi da makinsa ya sauka a kundin bana, wato littafin da masu ɗanɗano ke bai wa giya maki a cikinsa duk shekara, to kayansa ne suka lalace, har ya yi dariya yana cewa 'ya'ya sun gaji gona ba su gaji hannun ubansu ba. Haba Malam! Wa ya gaya masa haka?

Shekarata tara ina aiki a gonar inabi ta wasu iyali a kan tsaunukan Langhe, kusa da garin Alba a arewacin Italiya. Ni ba na sha, kuma ba tallar giya na zo yi ba. Aikina almakashi ne da akwati da datsar rassa cikin sanyin Janairu. Amma abincina da kuɗin makarantar yarana a gida duk daga wannan gonar suke fitowa, saboda haka idan an yi wa masu ita ƙage, ni ma ya taɓa ni.

Ranar da kundin ya iso ina cikin ɗakin ganguna ina wanke ƙasa. Dattijon gidan ya sa tabarau, ya bi layin sunansu da yatsa, ya sake bi, sannan ya rufe littafin ya ɗora hularsa a kai. Bai ce uffan ba. 'Yarsa, wadda ita ke riƙe da harkar yanzu, ta fita waje da waya a kunne, don ta san kafin magariba dillalinsu na Amurka zai kira ya ce a rage masa kaya. Haka kuwa aka yi. Kakar da ta biyo baya, mutum biyu daga cikinmu ba a sake kiransu ba. Wannan ne abin da mai gabatarwarku yake wa dariya.

Abin da bai faɗa ba shi ne masu kundin sun canja ma'auninsu, sun kuma canja masu ɗanɗanon. Duk wanda ya taɓa awo a kasuwa ya san idan aka sauya mudu da rana tsaka, buhun da ya ba da arba'in jiya ba zai ba da arba'in yau ba, kuma ba gero ne ya gudu ba. Da can maki 20 ake bayarwa, yanzu sun koma 100. Mutumin naku sai ya ɗauki makin da, ya ninka sau biyar, ya kwatanta da na yanzu. Ba haka ake yi ba! Tsarin 100 ɗin da Robert Parker, mai ɗanɗanon giya, ya yaɗa daga Amurka, tun da ya fara mujallarsa a 1978, daga 50 yake farawa, ba daga sifiri ba. Wanda ya samu 17 cikin 20 gwani ne, amma ka rubuta 85 ka kai wa dillali ka ga ko zai ɗaga kai ya dube ka. Su abin da bai kai 90 ba, ba su san da zamansa ba.

Sannan ga abin da ya fi ƙona mini rai. Giyar Barolo, wadda ake yi da inabin Nebbiolo, doka ta ce sai ta yi aƙalla wata 38 a ajiye, wata 18 daga ciki a gangar katako, kafin a sayar. Ke nan abin da aka ɗanɗana bana, mun tsinke shi shekara huɗu da suka wuce, lokacin ba wanda ya san za a canja mudu. Yaya mutum zai gyara tuwon da ya riga ya kwashe? Dattijon nan ya sha ba ni labari cewa a shekarun 1990 sai da ya ci bashi ya sayi ƙananan ganguna sababbi na itacen Faransa, masu cin lita 225, domin a lokacin masu ba da maki abin da suke so ke nan, mai kauri mai ƙamshin katako. Yanzu yayi ya juya, an koma yabon manyan tsofaffin ganguna irin na kakanninsa, waɗanda ya kusa faskarawa ya hura wuta da su. Ya bi su sun gudu, ya tsaya sun ce ya makara.

Kuma ai ba ma'auni ɗaya ba ne a ƙasar nan. Kundin Gambero Rosso da kofuna yake awo, uku ne ƙololuwa. Na Slow Wine, da ya fara fitowa a 2010, bai ɗauki hanyar lamba ba. Alamar dodon koɗi yake bai wa gidan da ya gamsu da yadda yake riƙe ƙasa da itatuwa. Da mai shirin ya buɗe ko biyu daga ciki, da bai yanke hukunci da lamba ɗaya ba. Bai ambaci farin da muka sha a 2022 ba, lokacin da ganye ya yi ta naɗewa muna kallo, balle ƙanƙarar da kan sauko minti goma ta share aikin shekara.

Ina roƙo ku gyara wannan magana a shiri na gaba, da bakin wanda ya yi ta.

Af, tun da na ɗauki alƙalami: labarin wasanninku kullum Ingila, Ingila, sai ka ce nan kaɗai ake buga ƙwallo. Mu da ke Italiya muna da yawa, daga Agadez har Kumasi akwai 'yan'uwa a gonakin nan, kuma sai an gama komai sannan a jefo mana sakamakon Serie A a cikin daƙiƙa goma, wani lokacin ma kiɗan rufewa ya haɗiye shi. Na aiko da saƙo sau biyu a kan wannan, ko "mun gani" ba a ce mini ba.

Naku mai sauraro,
daga wani ƙauye kusa da Alba, Italiya