Wa ya gaya muku ƙwallon ƙafa ta ci kasuwa a Ostireliya?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ban saba rubuta wasiƙa ba, amma abin da baƙonku ya faɗa a shirin wasanni na Asabar ɗin da ta wuce ya tsaya mini a rai. Ina tuƙi na ji shi, sai da na faka a gefen titi na mayar da shirin baya na sake saurara, don kada in ɗauki alhakinsa. Ashe kunnena bai yi ƙarya ba. Cewa ya yi wai tun gasar kofin duniya ta mata ta 2023 ƙwallon ƙafa ta murƙushe sauran wasanni a Ostireliya, wai yanzu ita ke jan zarenta. Mai gabatarwa kuma ya bi shi da ƙwarai kuwa, ƙwarai kuwa, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba.

Ranka ya daɗe, shekarata goma sha ɗaya a yammacin Sidni. 'Ya'yana uku, biyu na yi musu rajista a kulob ɗin unguwa, kuma daga aljihuna kuɗin ke fita. Ni ganau ne, ba jiyau ba. Baƙonku biki ya hango a talabijin ya zaci haka gidan yake kullum.

Bikin kam an yi shi, ban musa ba. Ina cikin filin Birisben ranar 27 ga Yuli da Super Falcons suka lallasa masu masaukin baƙi da ci 3 da 2. Da Asisat Oshoala ta zura ta ukun na yi ihun da sai da muryata ta dushe kwana biyu, 'yata kuwa tana gefena sanye da rigar Matildas, ƙungiyar matan Ostireliya, tana sharar hawaye, har muka dawo gida ba ta kula ni ba. Na kuma ga daren da Sam Kerr ta Matildas ta ɗaɗa wa Ingila wannan ƙwallon daga nesa a wasan kusa da na ƙarshe, mutum sama da 75,000 a fili, waɗanda suka leƙa talabijin kuma sun haura miliyan 11. Wannan adadin shi baƙonku ya riƙe yana ta juyawa kamar carbi. To, an watse daga biki. Ya zo ya ga wanda aka bari da wanke-wanke.

Abu na farko da bai sani ba, a nan ko sunan ma ba mu mallaka ba. Ka je Melbon ko Adelaide ko Perth ka ce wa mutum za ka kallon "futi", wasan AFL zai ɗauka kake nufi, wanda mutum 18 ke bugawa kowane gefe a wani makeken fili mai siffar ƙwai, da ƙwallo mai siffar ƙwai, ana dunƙule hannu a naushe ta, ana tsalle a taka kafaɗar mutum a cafe ta a sama. Ka faɗi wannan kalmar a Sidni ko Birisben, zari-ruga ta 'yan 13 za a nuna maka, wato NRL. Akwai kuma wata zari-rugar ta 'yan 15, ita daban take, kuma ita ma tana jin jiki, don ko a 2024 sai da aka rufe ƙungiyar Melbourne Rebels saboda bashi. Baƙonku duk ya haɗa su ya kira su zari-ruga, alamar bai taɓa tsayawa ya kalli ko ɗaya ba. Tamu kuwa "soka" ake ce mata, wani ma sai ya ɗan taɓe baki kafin ya faɗa, don an daɗe ana kallonta a matsayin wasan baƙin haure, na Girkawa da Italiyawa da mutanen Kuroshiya da suka zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yanzu mu ne muka gaje su.

Wasan ƙarshe na AFL, a filin MCG na Melbon ake yinsa, mutum kusan 100,000, kusan kowace shekara. Ba sai an jira kofin duniya ba. Jihar Victoria har hutu take bayarwa ranar Juma'ar jajiberin wasan, ofisoshi a rufe kamar ranar sallah. Wanda aka murƙushe ne ake ba wa hutu?

Bari in zo kan kuɗi, don nan gizo ke saƙa. A 2022 AFL ta sa hannu da gidajen talabijin na Seven da Foxtel kan dalar Ostireliya biliyan 4.5 na shekara bakwai, daga 2025 zuwa 2031. Gasarmu ta A-League kuwa, yarjejeniyar da ta ƙulla a 2021 da Paramount+ da Network Ten wajen miliyan 200 ce na shekara biyar. Na zauna da biro na raba. Abin da AFL ke karɓa a wata guda ya fi abin da A-League ke gani a shekara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, Malam Edita. Su kuɗinsu daga sama yake gangarowa har ya iso kan yaron firamare. Namu daga ƙasa yake hawa: duk rajistar da na biya, ƙungiyar yanki ta yanki nata, hukumar jiha ta yanki nata, ta ƙasa ma ta miƙo hannu. Mu iyaye mu ne rijiyar.

Shekarar da ta biyo bayan gasar, 'yata ta ce ita ma sai ta buga. Na kai ta, na tarar da layi, yara mata sun yi wa kulob ɗin yawa har ana rubuta sunan masu jira. Da aka ɗauke ta, aka ga tana da ƙafa, sai koci ya kira ni gefe ya ce ya kamata a kai ta mataki na gaba inda ake horar da masu hazaƙa. Da ya faɗi kuɗin sai da na ce ya maimaita. Sama da dala dubu biyu a shekara, ban da takalmi, ban da man mota zuwa wasannin waje. Ni da nake aikin dare a gidan kula da tsofaffi, kuma kowane wata akwai masu jiran saƙo a Zariya. Na biya, amma Allah ne kaɗai ya san abin da na fasa. Wata ƙawarta 'yar Sudan ta Kudu, wadda wallahi ta fi ta iya ƙwallo nesa ba kusa ba, ba ta dawo ba. Na haɗu da uwar a kasuwa, ta ce mini ita da yara biyar ina za ta kai wannan?

Filin da suke atisaye kuma, ƙungiyoyi huɗu ake cusawa a fili ɗaya da yamma, kowa da kusurwarsa. Fitila biyu sun mutu tun bara. Ɗakin canza kaya guda ne, an gina shi tun zamanin da ba a tunanin mace za ta buga ƙwallo, saboda haka 'yata da ke sa hijabi a cikin mota take shiryawa, ni ina tsaye a waje na juya baya kamar mai gadi. In aka yi ruwa kwana biyu sai saƙo ya shigo waya cewa an rufe fili, sai wani makon. Wannan ita ce sarauniyar da baƙonku ya naɗa.

Za ka ce ai gwamnati ta yi alkawari bayan gasar. Ta yi. Firaminista Albanese ya sanar da dala miliyan 200 don gyara wuraren wasannin mata, muka yi ta murna a dandalin WhatsApp na iyaye. Sai daga baya muka gane ba na ƙwallon ƙafa ba ne ita kaɗai, na kowane wasa ne, kowa ya kawo ƙoƙonsa, har da waɗanda rumbunsu ke cike. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2023 ɗin dai gwamnatin tarayya ta ware miliyan 240 don wurin da za a gina sabon fili a Hobart, babban birnin jihar Tasmaniya, saboda AFL ta gindaya sharaɗin sai da shi za ta ba Tasmaniya ƙungiya. A Disambar 2024 kuma aka sanar da miliyan 600 cikin shekara goma don a kafa wa ƙasar Papua New Guinea ƙungiya a gasar NRL, har da maganar siyasar yankin da gogayya da Sin a ciki. Ita NRL ɗin tun 2024 har Las Vegas take kwasar 'yan wasa ta je buɗe kaka. Mu muna nan muna haɗa kuɗin ƙwan fitila da sayar da tsiren tsiran alade a bakin fili, wanda ni ko ci ba na yi, sai dai in tsaya a teburin lemo.

Amma abin da ya fi ci mini rai, wanda shi ya sa na ɗauki biro, ɗana ne. Shekararsa tara. Tun yana rarrafe na saya masa ƙwallo, na zauna da shi na nuna masa bidiyon Kanu da Okocha, na ba shi labarin yadda muke buga ta tsumma a Tudun Wada har a kira magariba. Rannan ya dawo daga makaranta da jaka sabuwa, da hula, da wannan ƙwallon mai kama da ƙwai a hammata. Mutanen AFL sun je makarantarsu. Sun yi musu wasa, sun raba kaya, sun haɗa da tikitin shiga kallo na iyali. Ba su zo yammacin Sidni da wasa ba, tun 2012 suka dasa ƙungiyar Giants a nan, a tsakiyar yankin da ba a san su ba, suna ta zuba kuɗi ba tare da sun damu da kujerun da ba kowa a kai ba, don ba mu suke nema ba, 'ya'yanmu suke nema. Kuma sun san inda za su taɓa mu. Yaron nan ya zo yana gaya mini labarin Bachar Houli, Musulmin da ya ci kofin AFL da ƙungiyar Richmond, mai azumi mai salla, har da makarantar horar da yaran Musulmi da ke ɗauke da sunansa. Ya kawo mini Aliir Aliir, shi ma ɗan wasan AFL, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya. Na ce masa ai Awer Mabil na Socceroos, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza ta Ostireliya, shi ma a Kakuma aka haife shi. Ya ce, "Baba, shi bai zo makarantarmu ba." Aliir ɗin ma bai zo ba, amma ban sami bakin ja da shi ba, na gane abin da yake nufi.

Yanzu ranar Lahadi da safe ina tsaye a bakin fili mai turaku huɗu kowane gefe, ina tafa wa abin da ban gama gane dokokinsa ba. Kuɗin rajistarsa bai kai rabin na yayarsa na matakin farko ba. Maƙwabcina ɗan Labanan dariya yake mini, ya ce shi nasa yaran tuni ƙungiyar Bulldogs ta NRL ta kwashe su, tun zamanin ɗan wasanta Hazem El Masri duk unguwar Lakemba ta koma can.

Ba zan ce mu ba mu da laifi ba. Masu tafiyar da A-League da hannunsu suka sayar wa Sidni wasan ƙarshe na shekara uku a ƙarshen 2022, magoya baya suka fusata, a Melbon har aka kutsa fili aka rotsa wa mai tsaron gida bokiti a fuska, kuma wannan hoton shi jaridu suka yi mako suna nunawa. Gasar ma da bazara ake buga ta don a kauce wa manyan, a garin da zafi ke haura digiri 40. Ni kaina sau nawa na je kallon Wanderers, ƙungiyarmu ta yammacin Sidni a A-League, wadda ta ɗauko kofin zakarun Asiya a hannun Al-Hilal a 2014 tana da shekara biyu kacal da kafuwa? Bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Amma ƙarfe biyun dare ina zaune ina kallon Arsenal. Haka yawancinmu muke, mun fi kowa yawan masu bugawa, mun fi kowa ƙarancin masu sayen tikiti. Da baƙonku wannan ya faɗa da na sara masa.

Ina roƙo ku gyara wannan magana a shiri na gaba, da bakin mai gabatarwar da ya yi ta cewa ƙwarai kuwa. Akwai matasa a gida da ke sauraronku, wani har ya turo mini saƙo bayan shirin yana tambaya ko in nemo masa kulob a nan tunda an ce ƙwallo ta bunƙasa. Me zan ce masa?

Sannan tunda na riga na fara, wannan lambar da kuke bayarwa ta kiran waya, don Allah wa ke riƙe da ita? Lokacin da kuke buɗe layi ƙarfe takwas na dare agogon Najeriya, nan biyar na asuba ne, wani lokacin shida. Sau uku ina idar da salla in zauna a mota cikin sanyi ina kira, tana ta ƙara ba a ɗauka, kuɗina na tafiya, ina kuma ji a rediyo ana cewa layi a buɗe yake. Saƙon gaisuwar da na turo wa mahaifiyata tun ƙaramar salla ma har yau ba a karanta ba, ita kuwa kullum tana kusa da rediyo.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga yammacin Sidni, Ostireliya