Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Manoman Alkama

Assalamu alaikum, iyayenmu dattawa da 'yan'uwa mambobi.

Bana ma mun sayi iri da taki a dunƙule, kuma yawancinmu sun shuka alkama kafin ƙarshen Nuwamba, ta samu sanyin hunturu yadda take so. Waɗanda girbin shinkafa ya makarar da su kuwa zafin Maris ya riske su tana cika ido. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti shi ne kukan da kuka kawo cewa ƙasa ta gaji: ana ƙara buhunan yuriya da kamfa, amfani bai ƙaru ba. Mun zauna da malaman gona, suka kawo mana misalin gonar Broadbalk da ke Rothamsted a Ingila, inda ake shuka alkama tun 1843. Filin da bai taɓa ganin taki ba yana ba da kusan tan 1 a hekta. Wanda ake zuba wa takin dabbobi tan 35 a hekta kowace shekara, da wanda ake ba cikakken takin zamani, sun ninka wannan sau da yawa, amma mafi albarka shi ne inda aka haɗa biyun. Kuma ƙasar da ta sha kashin shanu ita ta fi laushi da riƙe ruwa.

Kada wani ya ce ai can Turai ne. A Samaru ta Zariya an fara irin wannan gwaji a 1950, ko da yake ba da alkama ba, aka ga cewa takin naitrojin, wato irin sinadarin da ke cikin yuriya, shi kaɗai, shekara bisa shekara, yana tsamar da ƙasa, takin dabbobi kuwa yana rage tsamin. Tan 35 ya fi ƙarfin aljihunmu, wannan gaskiya ce, amma ko kaɗan ne ya fi babu.

Saboda haka kwamiti ya ware wani yanki a gonar ƙungiya, an raba shi uku: takin zamani zalla, na gargajiya zalla, da haɗin biyun. Kaka ɗaya ba ta isa hukunci ba, za mu ci gaba da auna amfanin duk shekara. Mun kuma fara magana da makiyaya a kan kwanan shanu a gonaki bayan girbi. Masu ƙona tattakar shinkafa, don Allah a bari. Abincin ƙasa ne kuke mayarwa toka.

Sakataren ƙungiya