Rahoton Kwamitin Gyaran Shafin Intanet na Ikilisiya

Zuwa ga Fasto, dattawa da dukan 'yan'uwa masu bi, salama a gare ku. Aikin da majalisar dattawa ta ɗora mana ya kammala, shafin ikilisiya ya dawo aiki.

Babbar matsalar da muka tarar ita ce ta mallaka. An yi rajistar adireshin shafin da imel na mutum ɗaya, kuma adireshi haya ce ta shekara-shekara. Duk saƙon tunin biyan kuɗi yana faɗawa akwatin da ba mai dubawa, har wa'adi ya wuce shafin ya rufe. Yanzu rajistar, mai ƙarewa da .org.ng, tana kan imel na ikilisiya, ta hannun kamfanin da NiRA, hukumar da ke kula da adiresoshin .ng, ta amince da shi. Kalmomin sirri suna wurin sakatare da dattijo ɗaya.

Shafin a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, aka gina shi, amma yana tafiya da PHP 7.4 (PHP shi ne yaren kwamfuta da WordPress ke aiki da shi), wanda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Nuwamba 2022. Ta wata ƙaramar manhaja da aka liƙa aka manta da ita, ɓata-gari suka cusa tallan caca a ƙarƙashin sanarwar sujada. Abin ya yi mana ciwo ƙwarai. Muka share komai, muka ɗora sabo a kan PHP 8, muka bar manhajojin da ake bukata kawai. Takardar tsaron shafi, wadda ke kare bayanai tsakanin shafin da mai buɗe shi, daga ƙungiyar Let's Encrypt take kuma kyauta ce, sai dai kwana 90 take yi, don haka mun saita ta tana sabunta kanta.

Inda muka fi daɗewa shi ne nauyin sauti da hotunan da ake ɗorawa. Yawancinmu da waya muke shiga, datar kuma da tsada. Wa'azin minti 40 da aka ɗora a tsarin WAV, wato sautin da ba a matse ba, yakan kai megabait 400. Wa zai iya sauke wannan a ƙauye? In aka mayar da shi MP3 a kan ma'aunin ingancin sauti na 64 kbps, bai kai megabait 20 ba, muryar mai wa'azi kuma tana fita tas. Haka hotuna: wanda aka ɗauka da waya yakan kai megabait 4, amma in aka rage faɗinsa zuwa fiksel 1200 sai ya sauko kusan kilobait 200. Muna roƙon zumuntar mata da ta matasa su miƙa wa sakatare hotuna a rage su kafin a ɗora.

Mun cire jerin lambobin wayar mambobi, bisa dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023. Hoton yaro ba zai hau ba sai da yardar iyaye.

Kwafin shafin gaba ɗaya ana ɗauka kowane mako, ana ajiyewa a wani wuri dabam, ba a wurin kamfanin da ke riƙe mana shi ba, kuma mun gwada dawo da shi, ya yi. Sakatare zai riƙa sa sanarwa kowace Asabar. Muna roƙon majalisa ta sa kuɗin adireshi da na kamfanin da ke riƙe mana shafin cikin kasafin kowace shekara.