Wasiƙa zuwa ga Abba, mai koyon celo (babban gogen Turawa) a Legas

Abba,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Hajiya da ƙannenka suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Ka ce da zarar ka karɓi difloma a makarantar kiɗa ta MUSON kujerar okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, kawai za ka nema, koyarwa kuwa aikin wanda ya rasa gurbi ne. Nan ne muka raba hanya da kai.

Ka fi ni sanin lissafin. Ko a babbar okestira, masu celo da wuya su wuce goma sha biyu, kuma wanda ya samu kujera yakan yi furfura a kanta. In gurbi ya buɗe, a wurare da yawa a Turai da Amurka labule ake sawa tsakanin mai gwaji da alƙalai, ka yi 'yan mintoci, a ce an gode. Babu ɗan wane a bayan labulen nan, wannan kam ya burge ni. Amma mutum ɗaya za a ɗauka, sauran kowa ya kama gabansa. A ƙasar nan kuwa galibi sai taro ya tashi a kira ku, a tashi a sallame ku. Tsirkiya huɗun nan na celo daga waje ake kawo su, farashinsu na bin dala, izgar sandar gogawa ma tana cinyewa. Kuɗin ɗalibai ne zai riƙe ka tsakanin taro da taro.

Ba don ciki kaɗai nake faɗa ba. Sheku Kanneh-Mason, mai celon nan na Birtaniya da ba ka gajiya da ambatonsa, wanda ya ci gasar matasa ta BBC a 2016, ya yi wasa a bikin Yarima Harry a 2018, yana ɗan shekara shida ya fara. Wani ne ya zauna kusa da shi yana lanƙwasa masa babban yatsa a kan sanda, yana sauke masa kafaɗa in ta ɗaga, yana jure ƙarar da ko akuya ba za ta tsaya saurare ba. Mun sha irinta a gidan nan, maƙwabta shaida ne. Ka karɓi yaran da aka ba ka, ka shirya su jarrabawar kiɗa ta ABRSM, hukumar nan ta Birtaniya, da gaske. Wanda ya bayyana wa yaro dalilin da sauti ke shaƙewa, shi kansa ma hannunsa gyaruwa yake yi.

Kawunka har yanzu tambaya yake ko roƙo za ka yi. Ka san Kano, da an ga mutum da abin kiɗa an gama yanke masa hukunci. Ba na biye masa, amma kai ma ka taimake ni. Ka yi ciniki kafin ka zauna, a rubuce in da hali, kada ka tsaya a yi maka liƙi. Atisaye kuma kada ya cinye maka la'asar.

In za ka zo a Disamba, ka tuna hunturunmu ba irin na Legas ba ne, katako tsagewa yake yi. Ka bar celon cikin akwatinsa da ɗan soso mai laima. Kada ka yarda yaran mota su cusa shi a but, ka biya masa kujera, ni zan cika maka kuɗin.

Hajiya ta ce ka kira ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Kano