Amsa ga Hajiya daga Gangare: aikin sukari a ruwan mai gudawa

Assalamu alaikum, Hajiya.

A shirin lafiya na rediyo kin tambaye ni: tunda ruwa da gishiri mai gudawa ke zubarwa, me ya kawo sukari cikin abin da ake ba shi? Ko don yaro ya yarda ya sha ne? Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na rubuto.

Ba don zaƙi ba ne, Hajiya. Bangon hanji ƙwayoyin halitta ne jere, kowace da tantani siriri mai maiƙo da ya kewaye ta. Iskar da muke shaƙa tana ratsa irin wannan tantani kai tsaye, amma sodiyam ɗin da ke cikin gishiri ba ya iyawa, sai ta ƙofofin furotin. Akwai wata ƙofa a ƙaramin hanji da ba ta buɗewa sai sodiyam da gulukos, wato nau'in sukarin da hanji ke samu daga sukarin da muke sha, sun zo tare, kamar mai gadin da ba ya barin kowa shiga sai da abokin tafiyarsa. Da sun shige, ruwa sai ya bi su zuwa jini. Wani masanin kimiyya, Robert Crane, ne ya bayyana haka a 1960. Abin da ya fi burge ni shi ne, ko kwalara ta kama mutum, wannan ƙofar tana nan tana aiki. A 1971 Dakta Dilip Mahalanabis ya ceci dubban 'yan gudun hijirar Bangaladash da wannan haɗin na ruwa, gishiri da sukari, lokacin da ruwan ƙari ya yi ƙaranci.

Amma awo shi ne magana. Ki yanka kabejinmu na Jos ki barbaɗa gishiri, ki ga yadda ruwa ke tsattsafowa ya taru a gindin kwano. Ruwa yana bin inda gishiri ko sukari ya fi yawa. Idan sukari ya yi yawa a hanji, zai janyo ruwan jikin yaro zuwa cikin hanjin, gudawar ta ƙaru. Don Allah a daina ba su lemon kwalba.

Ƙunshin ORS na kemis, wato garin gishiri da sukari da aka riga aka auna, ya fi, a bi awon ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kar a daina shayarwa. Idan idanunsa suka faɗa ko ya kasa sha, a garzaya asibiti.

Allah ya raya mana su.

Naki,
Malamin kimiyyar halittu, Jos